Tarbiyyar Ɗan Kare a Gidajen Haya na Sabon Garin Kano

Duk wanda ya taɓa kwana a gidajen haya na Sabon Garin Kano ya san haushin nan da kan ɓarke da tsakar dare, bayan injunan ba da wuta sun yi shiru. Sau da yawa mai wannan haushi ba wani ƙaton kare ba ne irin na 'yan sanda. Ɗan ƙaramin kare ne ruwa biyu, wanda nauyinsa bai wuce kilo bakwai ko takwas ba, uwarsa irin ta Turai mai yalwar gashi, ubansa kuwa karen unguwa. An sayo shi yana kwikwiyo don yara su yi wasa da shi, da ya tasa ya soma ɓarna sai aka ɗaure shi da sarƙa a ƙarƙashin matakalar bene. Nan yake ci, nan yake kwana, nan yake kashi. Maƙwabta na tsine masa, mai shi na jibgarsa, alhali kuwa laifin na sarƙar ne da wanda ya ɗaura ta.

Kafin a gane matsalar sai an dubi unguwar kanta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayan kamar shekara biyu Turawan mulki suka yanka fili a wajen ganuwa, daura da Fagge, domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Sunayen tituna irin su Yoruba Road da Enugu Road da Gold Coast Road suna nan suna ba da shaidar haka. An tsara wurin layi-layi domin mutane kaɗan, amma yau benaye da kantuna sun cinye filin da aka bari a cikin fulotai, har ya zama iyalai da yawa, masu harsuna dabam-dabam da addini dabam-dabam, suna tarayya a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Karen da ke irin wannan gida ba shi da inda zai yi gudu, kuma duk motsin da ya yi a gaban idon wani ya yi shi.

Bahaushe ba baƙon kare ba ne. Mafarauta da makiyaya sun daɗe da shi, littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala kuma sun yarda a riƙe shi domin farauta da tsaron dabbobi. Sai dai wancan kare ma'aikaci ne, yana yini a daji yana gudu, ya komo gida a gajiye. Karen zaman ɗaki shi ne sabon abu. Ko da yake a mazhabar Malikiyya ba a ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, kuma galibin Musulmin Kano ba su son kare ya raɓe su, balle mutum ya yi alwala ya sa fararen kaya za shi masallaci ran Juma'a. Saboda haka a Sabon Gari da Fagge horar da kare yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

Dabarar da akasarin masu karnuka ke yi don kare wannan haƙƙi ita ce ɗauri, ita ce kuwa ke ƙara dagula al'amarin. Dabbar da ta tsorata hanya biyu gare ta, ko ta gudu ko ta yi faɗa, sarƙa kuma ta toshe ta farkon. Wani bincike da aka yi a birnin Denba ta Amurka, aka buga a 1994, ya nuna cewa yiwuwar a tarar karen da ya ciji mutum ɗaurarre ne ta kusa ninka ta sauran karnuka sau uku. Yaran gidan haya kuwa, kowa ya san halinsu da abin da aka ɗaure: wannan ya jefe shi, wancan ya zungure shi da kara, har ran da sarƙa za ta tsinke.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Game da kare, masana sun auna tsawon wannan ɗanyantaka. Wasu masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna kiwon ɗaruruwan 'yan kwikwiyo a wata cibiyar bincike ta Jihar Maine a Amurka, suka fitar da sakamakon a littafi cikin 1965. Abin da suka gano shi ne, daga mako 3 zuwa kamar mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo ke karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin sabo. Bayan haka sai ƙofar ta soma rufewa, tsoro ya rinjayi son sani. A wani gwaji na wannan cibiya da aka buga a 1961, 'yan kwikwiyon da ba su yi hulɗa da mutum ba har suka kai mako 14 sun tashi suna gudun mutane kamar namun daji, aka yi ta fama da su ba su saba sosai ba.

Ma'anar wannan ga mazaunin Sabon Gari ita ce, aikin da zai yi cikin wata guda bayan ya kawo kwikwiyo gida ya fi na shekara biyu a gaba amfani. Da farko kada ya karɓe shi daga uwarsa kafin ya cika mako 8, ko da mai sayarwa ya matsa, domin a wurin wasa da 'yan'uwansa ne yake koyon sassauta haƙori. Sa'an nan ya nuna masa duniyar da zai zauna cikinta, kaɗan-kaɗan: mai babbar riga da rawani, mace mai hijabi, mace mai ɗaurin gwaggwaro, tsoho mai sanda, almajiri da ƙoƙonsa, mai kurar ruwa, akuya, kaza. Ya ji ƙarar a-daidaita-sahu, da injin niƙa, da kiran salla ta lasifika, da gangunan coci ran Lahadi. Duk sa'ad da ya ga sabon abu ya natsu, a ba shi ɗan abin taɓawa. In ya maƙale wutsiya, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar leɓe ko yana hamma ba barci yake ji ba, to abin ya yi masa yawa, sai a ja da baya a sake gwadawa gobe daga nesa. Tura shi cikin taron yara da ƙarfi wai don ya saba, tsoro kawai yake dasa masa.

A nan akwai wani cikas da ya kamata a faɗa. Makonnin sabon nan su ne kuma makonnin da kwikwiyo bai gama karɓar alluran rigakafi ba, ga shi kwatocin unguwar cike suke da ƙwayoyin cuta, musamman cutar fabo mai sa amai da gudawar jini, wadda ta bazu a duniya tun 1978, kuma ƙwayarta kan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Wasu don gudun haka sai su kulle shi a ɗaki har wata huɗu, su tsirar da jikinsa su ɓata halinsa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fita da shi a rungume, ko a zauna da shi a kan cinya a ƙofar gida ko bakin kanti, yana kallo yana saurare ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Wasa da wani kare kuwa sai wanda aka tabbata an yi masa allura.

Idan allurai suka kammala sai tafiya. Ƙaramin kare baligi mai lafiya yana bukatar kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda kowace rana, a raba biyu. Kwikwiyo da tsoho ƙasa da haka. Lokaci shi ne babban abin lura. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai awo 40, kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma gajere ya fi kusa da kwalta mai turiri. Mutum ya ɗora bayan hannunsa a kan kwaltar. In bai iya jurewa na ɗan lokaci ba, tafin karen ma ba zai jure ba. Bayan asuba kafin kasuwa ta buɗe, da kuma bayan magariba, su ne lokutan da suka dace, a bi ƙananan layuka, a kauce wa France Road da bakin Kasuwar Abubakar Rimi inda motoci da masu dako ke cunkushewa. A riƙe shi da igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi ko biyu, ɗamarar ƙirji kuma ta fi ta wuya ga ƙaramin kare, don maƙogwaronsa ba shi da ƙwari. Kada a hana shi sansane-sansane, domin da hanci yake karanta labarin unguwa, kuma wannan na gajiyar da shi kamar gudu. In ya yi kashi a ƙofar wani, kwashewa wajibi ne a kan mai shi.

Horo kansa ba ya bukatar makaranta. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya isa, kalmomi huɗu kuma sun wadatar: zo, zauna, tsaya, bari. Amma a Sabon Gari akwai wani abin dariya da kan rikita kare. Uba ya kira shi da Ibo ya ce bia, maƙwabciya ta ce wa da Yarabanci, yara su ce zo, watau dai an mai da shi wazobia. Kare bai san harshe ba, sauti yake riƙewa, don haka mutanen gida su zaɓi kalma ɗaya kowa ya tsaya a kanta. Yadda ake koya masa zama shi ne, a riƙe ɗan guntun hanta dafaffiya ko busasshen kifi marar ƙaya a saitin hancinsa, a ɗaga a hankali zuwa bayan kansa. Da gindinsa ya taɓa ƙasa a ce zauna, a ba shi nan take. In aka jinkirta ladan da ɗan lokaci kaɗan, ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Ragowar tsire mai yaji da albasa bai dace ba, domin albasa na lalata masa jini. Goro da cakulan guba ne gare shi, ƙashin kaza dafaffe kuma yana iya huda masa hanji.

Wannan zama shi ne maganin tsallen da yake yi wa baƙi. Karen da ya koyi cewa ba a kula shi sai ya zauna, zai riƙa tarar mai sallama a zaune, mai alwala ya wuce da tufarsa tsaf. Kiran zo kuwa shi ne mai ceton ransa ran da ƙofa ta buɗe ya nufi titi, saboda haka kada a taɓa kiransa a doke shi, in ba haka ba an koya masa cewa zuwa masifa ne. Masu ganin bulala ce gatan tarbiyya za su yi gardama, amma binciken da masanan Jami'ar Biristol ta Ingila suka buga a 2004 ya nuna karnukan da ake horarwa da lada sun fi biyayya, waɗanda ake azabtarwa kuwa sun fi yawan munanan halaye. Mafi haɗari shi ne dukan kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. In aka kashe gargaɗin, abin da ya rage sai cizo ba sanarwa.

Ma'aikacin da ke fita ofis tun da safe, ko ɗalibin da ke yini a aji, sai ya bar masa abin yi. Ya fita da shi kafin ya tafi, ya ɓoye rabin abincinsa a cikin tsumma ko kwali don ya nema, ya bar masa ruwa a inuwa da abin tauna, da yamma a yi ja-in-ja da tsohuwar igiya. Wanda ba shi da wannan lokaci, gara tun farko kada ya ɗauko kare.

Duk wannan ba ya ɗauke wajibcin allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kamar kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta soma yin wannan allura tun 1956, a Kano kuma akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale, ban da likitoci masu zaman kansu. Ana yi wa kwikwiyo ta farko yana wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a adana katin shaida. Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gida. Shi kuma karen kada a kashe shi cikin fushi. A tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubansa, a kai katinsa ga likitan da ke kula da wanda aka ciza.