Injin Yankan Itace Ya Iso Ƙauye, Magagari Bai Iso Ba

Da zarar an kwashe amfanin gona, rani ya kankama, akwai wata ƙara da kunnen mutanen Maruda da Kambaza da Dalijan, har zuwa ƙauyukan Kalgo, ya saba da ita: kukan injin yankan itace. Wanda ya san aikin ba ya buƙatar zuwa wurin kafin ya gane halin da sarƙar injin take ciki. Mai kaifi tana shiga itace da murya ɗaya, tana jan kanta, tana watso sassaƙe manya-manya. Wadda ta dakushe kuwa sai ihu da hayaƙi, mai riƙe da ita ya danna da dukkan ƙarfinsa, abin da ke zuba kuma gari ne kamar dusa. A ganina, mafi yawan ƙarar da muke ji a wannan yanki ta biyun ce, kuma asarar da take jawowa ta wuce aljihun mai inji.

Kakanninmu ba su raba makami da washinsa ba. Masassaƙi yana da gatarin kayar da itace, yana da gizagon gyara cikin turmi, kuma dutsen washi na nan kusa da inda yake zama. Yaro kan koyi wasa lauje tun kafin a sake shi ya yanki ciyawa. Injin da Bajamushe Andreas Stihl ya fara ƙerawa a 1926, ya fito da mai shan fetur a 1929, ya zo mana ta hannun 'yan kasuwa shi kaɗai, ba tare da wannan tarbiyya ba. Matashi kan koyi tayar da shi cikin yini guda, daga nan ya ɗauka ya gama karatu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ya kamata mai karatu ya san cewa sarƙar ba ta yanka kamar zarton kafinta. Kowane haƙori ƙaramin gizago ne, yana feƙe itace yana ɗauke sassaƙen. Wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, shi ya samo wannan siffa bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke huda kututture, ya fara ƙera irin sarƙar a 1947. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudun ƙarfe da ke ƙayyade zurfin cizon. Ƙa'ida ita ce ya gaza bakin haƙorin tsawo da kimanin milimita 0.65. In ya yi tsawo, haƙori ba ya kamawa komai kaifinsa. In aka goge shi fiye da kima, kamar yadda wasu ke yi wai don injin ya ƙara ci, sarƙar takan fizgi itace da ƙarfin da hannu ba zai iya riƙewa ba. Nan ne hatsari yake. Sarƙar na gudu kimanin mita 20 a daƙiƙa guda, kuma idan saman bakin takobin da take zagayawa a kansa ya taɓi reshe, injin kan yi tsalle baya ya nufi fuska ko kafaɗa kafin mutum ya ƙifta ido.

Washin kansa ba wani sihiri ba ne, amma yana da sharuɗɗa. Ana amfani da magagari mai zagaye wanda kaurinsa ya dace da sarƙar: milimita 4 ga ƙananan injuna, 4.8 ga matsakaita, 5.2 ko 5.5 ga manya. A kashe inji, a ɗaure sarƙar ta yi tsam, a kafe takobin kada ya motsa. A karkata magagarin kimanin digiri 30, kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa yana saman haƙori, a tura daga ciki zuwa waje, a ɗaga shi wajen dawowa domin ba ya ci ta baya. Kowane haƙori ya sami turi daidai da ɗan'uwansa. Hannun dama ya fi na hagu ƙarfi ga yawancinmu, shi ya sa haƙoran gefe ɗaya kan fi gajarta, yanka ya riƙa karkacewa, mai inji ya ɗora laifin a kan takobi ya sayi sabo. Turi biyu ko uku duk lokacin da aka tsaya zuba mai ya fi a bari sai dare a yi goma. Masu kai sarƙa wurin injin gurza ƙarfe na masu walda kuwa, su duba launin haƙorin bayan an gama. Idan ya yi shuɗi, zafi ya riga ya lalata ƙarfen, kaifin ba zai daɗe ba.

Ƙasarmu ma ba ta tausaya wa sarƙa. Hunturu na cusa ƙura a ɓawon itace, gara na lulluɓe kututture da ƙasa, ƙirya busasshiya kuma tauri gare ta kamar dutse, shi ya sa maƙera suka fi son gawayinta. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifi. Saboda haka sarƙa mai haƙori mai ɗan lanƙwasa a kusurwa ta fi dacewa da mu a kan mai kusurwa tsaf, wadda aka yi domin ɗanyen itace mai tsabta na dazukan Turai, ko da yake ta biyun ta fi sauri a sa'ar farko. Haka nan goge gindin itace da adda kafin a sa inji ba ɓata lokaci ba ne. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda ake ɗurawa a madadin man sarƙa, cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, yana cin takobi da famfon man. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace daƙiƙa da inji ya yi yana ihu ba ya ci kuɗi ce ke ƙonewa, alhali magagari bai kai kuɗin man yini guda ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne zaɓen makamin tun farko. Manyan injunan da suka cika kasuwanninmu an yi su ne domin kayar da manyan itatuwan kurmi da tsaga katako. Manomin da yake son rage rassan dogon yaro da suka rufe masa gero, ko makiyayin da yake son ganye domin dabbobinsa, ba wannan yake buƙata ba. Adda mai kaifi, ko gatari, ko zarton hannu sun ishe shi. Sai dai idan aka ɗauko hayar inji, aka biya kuɗin yini da na mai, lissafi kan canja: rassa uku ba za su mayar da kuɗin ba, sai itacen gaba ɗaya, sai kuma na kusa da shi. Da haka gawo ke tafiya, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya taki ƙasa, ya ciyar da tumaki da 'ya'yansa a tsakiyar rani. Da haka giginyar da ta yi shekaru da dama tana girma ke zama azara kafin azahar. Kebbi na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda aka kafa hukumar Babbar Katangar Itatuwa ta ƙasa a 2015 domin su. Ana dasa tsiro da kuɗin gwamnati a gefe guda, ana kayar da iyayensa a ɗaya gefen.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna abin da ƙaramin makami zai iya. Tun daga 1983, da Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya ya fara aiki da manoman yankin, suka riƙa zaɓen tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su bar masu ƙarfi, su rage sauran da wuƙa ko adda mai kaifi, suna yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar da kadada miliyan 5. Babu fetur ko ɗigo a cikin aikin.

Ba na cikin masu kiran a haramta injin. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da shi a 1998, amma mafi yawan katakon kasuwanninta na cikin gida ya ci gaba da fitowa daga bakinsa, a ɓoye kawai. Idan guguwa ta kayar da tsohuwar tsamiya ta tare hanya, ko ta danne katangar makaranta, ba gatari za a jira ba. Abin da nake nema daga sashen gandun daji na ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo shi ne a yi wa masu injuna rajista, kuma kada a ba kowa takarda sai ya wasa sarƙa a gaban jami'i, ya nuna inda hatsarin takobi yake, ya lissafa itatuwan da ba a taɓawa sai da sanin mai gari. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana nan Kalgo, ta jiha tana Aliero. Horon kwana biyu a harabarsu, da Hausa, tare da maƙera da makanikan babura waɗanda su ne dama ke gyara injunan, ba zai gagare su ba. A yi shi kafin a fara girbi a buɗe gonaki.