Gashin da Ba Wuta: Motsa Jiki ga Yaro Mai Shanyewar Ƙwaƙwalwa

A ɗauki misalin wata uwa a Augie, cikin masarautar Argungu, wadda ɗanta ya cika wata goma wuyansa bai tsaya ba. In ta ɗaga shi sai ƙafafunsa su sanƙare su harɗe kamar almakashi, hannuwa kuwa kullum a dunƙule. Tana tune da cewa ta daɗe tana naƙuda, kuma da ya faɗo bai yi kuka ba sai da aka jima. Wasu sun ce Inna ce ta sha shi, wasu kuma, da yake garin yana kwarin gulbin Rima, suka ce ɗan ruwa ne. Bayan an sha turare da jiƙe-jiƙe, sai mahaifinsa ya sayar da buhun shinkafa aka kai shi Birnin Kebbi. Likita ya duba, ya tura su sashen gashi.

Larurar da likita ya gani ita ce shanyewar ƙwaƙwalwa. Tana aukuwa ne idan sashen ƙwaƙwalwa mai ba gaɓoɓi umarnin motsi ya sami rauni tun jariri yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Wani likitan Ingila, William Little, shi ne ya danganta ta da wahalar haihuwa a 1861. Tana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000. A Nijeriya, manyan dalilanta sun haɗa da rashin samun iska lokacin haihuwa, da shawarar jarirai mai tsanani, da sanƙarau. Ta sha bamban da shan inna, wanda ƙwayar cuta ke kawowa ta lalata jijiyoyin laka, gaɓa ta saki. A nan kuwa, galibi gaɓa ƙagewa take yi.

Uwar nan ta shiga sashen gashi tana tsammanin za a kawo na'ura mai zafi, tun da sunan ke nan da jama'a suka laƙaba wa wurin. Ga mamakinta, sai ma'aikaciyar ta shimfiɗa yaron rub da ciki a kan tabarma, ta ɗauko abin wasa mai ƙara tana kaɗawa a gabansa, har ya yunƙura ya ɗaga kai. Sannan ta ce wa uwar ita ma ta gwada. Da wuya uwa ta fito daga irin wannan ganawa ba ta ji a ranta an yi asarar kuɗin mota ba.

Amma akwai hujja ta kimiyya. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa. Abin da ke taɓarɓarewa shi ne jiki: ƙashi yana tsawo, tsokar da ba ta motsi ba ta bin sa, sai gwiwa da idon sawu su ƙage, wani lokaci ma ƙugu ya goce. Ita kuwa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana da baiwar ƙulla sababbin hanyoyi tsakanin ƙwayoyinta, kamar yadda turba ke fitowa a fadama idan ana yawan bin ta. Sharaɗin shi ne yaron da kansa ya yi yunƙurin, ya kuma maimaita sau da yawa. Wani babban nazari da Iona Novak da abokan aikinta na Ostireliya suka wallafa a 2013 ya nuna cewa horon da ake yi da wata manufa takamaimai, da wanda iyaye ke gudanarwa a gida, suna cikin hanyoyin da aka tabbatar da amfaninsu, alhali miƙe gaɓoɓi da hannu kawai bai nuna fa'ida sosai ba.

Saboda haka nauyin aikin yana kan uwa. Mai gashi zai ga yaron na ɗan lokaci, sau ɗaya a mako ko ma a wata ga wanda ya fito daga nesa, ko Birnin Kebbi ake zuwa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Sauran kwanakin duka nata ne. Akan koya mata ta zaunar da shi cikin baho ko kwali a tokare da zannuwa, ta ajiye masa ludayi a inda sai ya miƙa hannu zai kai. Akan nuna mata yadda za ta ciyar da shi a zaune, kai a ɗan sunkuye, don kada kunu ya sarƙe shi ya faɗa huhu. Goyo ma, wanda ba a ɗauke shi magani ba, yana ware cinyoyin da ke son harɗewa. Idan hannu ɗaya ne ya shanye, mai gashi na iya sa a rufe lafiyayyen na ɗan lokaci, domin yaron ya tilasta wa raunanan aiki. Wannan kan sa yaro kuka, kaka kuma ta yi faɗa.

Tambayar da kowace uwa ke yi ita ce, "Likita, yaushe zai yi tafiya?" Masana suna da ma'auni mai matakai 5, wanda aka fito da shi a Kanada a 1997, daga yaron da ke tafiya ba taimako har zuwa wanda sai an tura shi a keke. Motsa jiki bai cika fid da yaro daga matakinsa ba, sai dai ya kai shi iyakar abin da matakin zai iya. Alama mafi amfani ita ce zama: yaron da ya zauna da kansa kafin ya cika shekara 2, akasari yakan yi tafiya, ko da da sanda ne. Kuma kusan rabin waɗannan yara basirarsu lafiya lau take, ko da maganarsu tana da nauyi, abin da ya kamata malamin firamare ya sani ranar da aka goyo irin wannan yaro zuwa ajinsa.