Ƙusar Sirdin Keke

Keke dokin ƙarfe ne, shi ya sa wurin zaman mahayinsa ma ake kiransa sirdi. Sirdin doki da majayi ake ɗaure shi. Shi kuwa sirdin keke, wata 'yar ƙusa ce ke riƙe da shi, wadda tsawonta bai wuce na yatsan babban mutum ba. Da yawa daga cikin masu hawan keke ba su taɓa sunkuyawa sun dube ta ba, amma kuwa a kanta nauyinsu yake tun daga gida har kasuwa.

In kun tashi daga makaranta yau, ku nemi izini wurin mai keke, ku leƙa ƙarƙashin sirdi. Za ku ga wasu sandunan ƙarfe sirara sun miƙe daga gaba zuwa baya. Za ku ga kuma wani bututu ya fito daga jikin keken ya taho sama, shi ne wuyan sirdi. Abin da ya haɗa sandunan nan da wuyan shi ne mariƙi, watau wasu 'yan ƙarafa masu haƙora waɗanda ke cizon juna. Ƙusar da muke magana ita ce ta ratsa tsakiyar mariƙin ta matse shi. Masu gyaran keke suna kiranta bol. Ba irin ƙusar kafinta ba ce da ake bugawa da guduma. Jikinta yana da tsaga wadda ta nannaɗe ta, ana kiran tsagar tiredi, a kanta noti yake hawa in an murɗa shi.

A keken dauri, irin mai kariya da birkin sanda, ƙusa ɗaya ce take kwance a gicciye, da noti a kowane gefe. Galibi sifana mai lamba 13 ko 14 ke kama notin. Lambar nan faɗin notin ke nan da milimita. A kekunan zamani kuwa ƙusar a tsaye take, wani keken ɗaya, wani biyu, kanta da rami mai gefe shida. Ita sifana ba ta kama ta, sai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake kira alanki, mai lamba 4, ko 5, ko 6.

Me ke ɓata ƙusar nan? Na fari tsatsa. Da damina tayar baya tana watso ruwa da taɓo daidai ƙarƙashin sirdi, ba kuwa mai kula ya share wurin. Sannu a hankali tsatsa ta ci tiredi, ƙusar ta sirance. Na biyu ƙarfin hannu. Wani in ya ga sirdi yana motsi, sai ya kama sifana ya yi ta murɗawa iyakar ƙarfinsa, har ya zura mata bututu don ta ƙara tsawo. Ƙarfe kuwa yana da iyakar abin da zai ɗauka. In aka wuce nan sai ƙusar ta miƙe, ko tiredinta ya cinye, noti ya yi ta juyawa ba ya kamawa.

Amma abin da ya fi waɗannan ɓarna shi ne hawan keke da ƙusa a sake. Ku ɗauki waya siririya ku lanƙwasa ta gaba, ku komo da ita baya, ku yi ta yin haka. Ba za a jima ba za ta karye, ko da yake ba ku ja ta da ƙarfi ba. To, haka yake ga ƙusar sirdi. In ta yi sako-sako, duk ramin da keke ya faɗa sai ta ɗan lanƙwasa ta komo. Wata 'yar tsaga da ido ba ya gani ta soma, ta yi ta ci ciki, ran nan ana cikin tafiya sai ƙusa ta karye ƙaras. Sirdi ya zame, mahayi ya faɗa kan tayar baya, ko kan bakin bututu, ko kuwa ya kife a tsakiyar hanya gaban mota. In yana goye da ƙanensa a kariya, su biyu za su sha ƙasa. Da yake ƙusar tana yin kashedi kafin ta karye, ku riƙa saurara. In sirdi yana ƙara ƙiƙi-ƙiƙi, ko hancinsa yana ɗagawa sama ko yana sunkuyawa ƙasa, a sauka a tura keken da hannu har a duba.

In an tashi sauya ta, kada a yi garaje. A fara sa alama da alli a jikin sanduna, daidai inda mariƙi ya kama, domin sirdi ya koma wurinsa na dā. Sa'an nan a kwance noti. Wajen hagu ake murɗawa in za a kwance, wajen dama in za a ɗaure, watau yadda hannun agogo ke tafiya. In tsatsa ta kama notin ya ƙi motsi, a ɗiga masa kananzir ko baƙin mai, a tafi a yi wani aiki, a komo. Kada a kama shi da filaya ko da sifanar da ta yi masa yawa, gama za ta cinye gefunansa ya zama mulmulalle, daga nan sai mai gyara ya sa zarto ya yanke.

Ga wata dabara da za ta raba ku da wahala. Ku shimfiɗa tsumma a ƙasa, duk abin da kuka zare ku ajiye shi a jere, na fari a fari, na biyu kusa da shi, fuskar kowane yadda take. 'Yan ƙarafan mariƙi suna kama da juna ƙwarai, in suka cakuɗe ko babban mutum sai ya yi gumi kafin ya mai da su.

Wanda aka aika sayen sabuwa ya tafi da tsohuwar a aljihunsa, ko da ta karye biyu. Dalili kuwa, ƙusoshi ba awonsu ɗaya ba. Tsofaffin kekunan Raleigh, waɗanda aka ƙera a birnin Nottingham na ƙasar Ingila, da awon inci aka yanka tiredinsu. Yawancin kekunan yanzu kuwa awon milimita ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ƙusa biyu sai su yi kama a ido, amma notin wannan ba zai hau waccan ba, in an tilasta shi duka biyu za su lalace. Saboda haka a gwada kauri, da tsawo, da tiredi, tun a gaban mai sayarwa. A dubi kan ƙusar kuma. In an ga an buga lamba 8.8, alamar ƙarfe mai ƙwari ce. A sayi noti da washa sababbi tare da ita. In mariƙin mai ƙusa biyu ne, a sauya duka, gama wahalar da ta karya ɗaya ita ma ɗayar ta sha ta. Akwai masu zura ƙusar kafinta su lanƙwashe bakinta, ko su naɗe wurin da waya ko tsohon tub. Wannan ba gyara ba ne, ganganci ne.

Kafin a sa sabuwa, a goge mariƙi da tsumma a dubi haƙoransa. In sun cinye sun yi sumul, ko an ga tsaga, sabuwar ƙusa ba za ta yi magani ba, sai a sauya mariƙin ɗungum. In lafiya lau suke, a shafa ɗan giris a tiredi don kada tsatsa ta sāke kamawa. A mai da kome yadda aka jera shi. A soma murɗa noti da yatsu tukuna. In ya tafi sumul, ya hau daidai. In ya cije tun da fari, a karkace ya hau, a kwance a sāke.

Tun ba a matse ba, a daidaita sirdi. A tsai da keke a ƙasa mai baje, a ɗora katako a kan sirdin daga gaba zuwa baya, a ga ya kwanta sosai bai karkata ba. Sa'an nan a ɗauki sifana. A murɗa wannan gefe kaɗan, a koma wancan kaɗan, haka haka har su matsu tare. In sifana ta yi nauyi a hannu, sirdi kuma ya daina motsi, ya isa. Yaro ya bar wa babansa ko wansa wannan murɗi na ƙarshe, shi ya tsaya ya lura.

Daga nan a kama hancin sirdi da hannu ɗaya, bayansa da ɗaya hannun, a jijjiga sama da ƙasa. In bai motsa ba, a hau a kewaya ƙofar gida sannu sannu kafin a shiga babbar hanya. Sabuwar ƙusa takan ɗan saki in ƙarafan mariƙi sun zauna da juna, don haka bayan kwana biyu ko uku a sāke gwada ta da sifana.