KAFIN A SHAFA WA KATAKO MAI, A SAN MAƘIYINSA

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Duk wanda ya zaga unguwannin Fau da ƙauyukan Aikin Noman Rahad a 'yan watannin nan zai ga jama'a sun duƙufa wajen gyara: wannan yana kafa rumfa, wato rakuba, wancan yana sauya ƙyauren gida, makarantu kuma suna harhaɗa bencinan da suka saura. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na shekarar 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekarar, garinmu ya karɓi baƙi masu yawa, an kuma ƙona itace da katako ba iyaka domin girki. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, mutane suka fara komawa, amma katako bai dawo da araharsa ba. Ko kafin yaƙin ma, rabuwar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da yawancin dazuzzukan da ake samo maɗaci da tik. Saboda haka ƙyauren da ya lalace a bana, ba lallai ne mai shi ya iya sayen wani baɗi ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yadda muke ganin 'yan'uwa suna zaɓen man katako. Mutum zai shiga shago ya ce a ba shi wanda ya fi ƙyalli, ko wanda ya fi araha, ya biya ya tafi. Alhali tambayar farko ita ce: a ina katakon nan zai zauna, kuma me zai ci shi a wurin?

Maƙiya uku

Katakon da ke waje yana da maƙiya uku a ƙasarmu. Na farko rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke cinye sinadarin da ya riƙe zaren itace. Shi ya sa sabon katako kan koma toka-toka, fuskarsa ta yi kaushi. Na biyu ruwa. Daga Yuni zuwa Oktoba katako yana shan ruwa ya kumbura, da rani kuma ya bushe ya tsuke, har ya tsage kamar yadda baƙar ƙasarmu ta laka ke tsagewa. Idan danshin da ke cikinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100, ruɓewa ta samu wuri. Na uku gara, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira arda. Su ukun taimakon juna suke yi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: rana ta tsaga, ruwa ya shiga, gara ta biyo danshi.

Abin da ke cikin gwangwani

Abubuwan shafawa da ake samu a kasuwar Fau da Gadarif sun kasu uku. Akwai warnish, wanda ke kwanciya a kan katako kamar fata mai sheƙi. A cikin ɗaki yana da kyau a kan kabad da tebur. A waje kuwa kyan ɗan maciji gare shi. Da yake garai-garai yake, hasken rana yana ratsa shi ya ci katakon da ke ƙarƙashi, fatar ta rasa abin kamawa, ta fara ɓarewa, sau da yawa kafin shekara ta zagayo. Daga nan ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya kasa fita, kuma ba a iya sabunta shi sai an kankare tsohon gaba ɗaya.

Akwai fenti na mai, wato buhiya. Shi ya fi kowa tare rana domin yana rufe katako ruf, kuma ya dace da ƙyaure da taga idan an fara sa shafin ƙasa. Aibinsa shi ne shi ma fata ne. Idan ya tsage ba a kula ba, katako zai ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa tana nan da kyau.

Na uku shi ne rinin katako, wato mai mai launi wanda ke nutsewa cikin itace. Ba ya yin fata, don haka ba ya ɓarewa, sai dai ya kode a hankali. Idan ya kode, a wanke ƙura, a bari ya bushe, a ƙara shafi ɗaya, shi ke nan. Ga ginshiƙan rumfa, da bencin tsakar gida, da angarib ɗin da ke kwana waje, da jikin amalanke, wannan ne muke ba da shawara. Sai dai a lura da abu guda: launin da ke ciki ba ado ba ne kawai, shi ne ke tare rana. Rini mai launin ƙasa-ƙasa ko ja, irin wanda aka yi da garin tsatsar ƙarfe, ya fi wanda ba shi da launi daɗewa nesa ba kusa ba. Baƙi wuluk kuwa yana jawo zafi, katako ya riƙa tsagewa. Matsakaici ya fi. A duba jikin gwangwani a tabbata an rubuta cewa na waje ne, domin akwai rinin cikin ɗaki wanda launi kawai yake bayarwa. Wanda bai samu na gwangwani ba, dafaffen man kattan da aka tsarma da ɗan tina, aka zuba masa garin launi irin na magina, yana yin aiki, ko da yake yana son sabuntawa duk shekara.

Gara ba ta tsoron launi

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Babu rini ko fenti ko warnish da zai hana gara, domin ta ƙasa take shigowa, ta ci ciki ta bar fata. Maganinta yana farawa tun daga zaɓen itace. Bagaruwa, wadda ake kira sunuɗ a nan, tana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa aka daɗe ana yanko ta daga dazuzzukan bakin Shuɗin Nilu domin shimfiɗar layin dogo. Azarar giginya da kakanninmu suka yi rufi da ita a Kano da Katsina tana shekaru aru-aru. Darbejiya ma gara ba ta cika son ta ba. Amma ɗalha, wato dushe, ƙwaro mai huda itace kan mayar da shi gari cikin ɗan lokaci, farin katakon waje da kafintoci ke kira moski kuwa abincin gara ne idan ya taɓa ƙasa. Ko a itace mai ƙarfi, jan da ke tsakiya shi ne mai juriya. Farin gefe ba shi da ita.

Bayan haka, a raba katako da ƙasa. Ginshiƙi ya hau kan dutse ko siminti, ƙyaure ya ɗaga daga ƙasa kamar yatsu uku. Wanda dole sai an binne, a babbaka gindinsa sama-sama, a shafe shi da kwalta har ya wuce bakin rami da taƙi guda. Ga katakon da ba zai taɓa ƙasa ba, garin boraks yana kashe ƙwari kuma cutarwarsa ga mutum kaɗan ce: a narka rabin kilo a lita 10 na ruwan ɗumi, a jiƙa katakon sosai, a bari ya bushe. Da yake ruwan sama yana wanke shi, dole a bi shi da rini ko fenti.

Abin da za a guje wa

Mun san baƙin man mota ba a sayensa, kuma yana korar ruwa. Amma yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, ba ya bushewa, kuma da rana ta yi zafi sai ya tsattsafo. Kada a sa shi a bencin yara, ko kwamin dabbobi, ko murfin rijiya. Haka kiriyosot, baƙin man da ake jiƙa falwayar waya da katakon layin dogo da shi, yana ƙona fata, har ƙasashen Turai suka hana sayar wa jama'a shi tun 2003. Akwai kuma katako mai kore-kore da aka dafa da maganin CCA, wanda wani masani a Indiya ya ƙirƙiro a 1933. Yana jure gara ƙwarai, amma akwai gubar arsenik a ciki, shi ya sa Amurka ta daina amfani da shi a gidaje a ƙarshen 2003. Wanda ya samu guntunsa kada ya hura wutar girki da shi. Mafi hatsari duka shi ne ɗauko ragowar maganin feshin auduga a cuɗa da mai a shafa wa ƙyaure. Wannan ƙyauren yara ne za su riƙa dafa shi, su sa hannu a baki.

Lokacin shafawa

Katako ɗanye ba ya shan mai. A ɗiga masa ruwa: idan ya shanye nan da nan, ya shirya. Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da safe, a inuwa, ranar da babu guguwar ƙura. A goge da sanfara, a share, a shafa shafi biyu marasa kauri da kwana guda a tsakani, a goge abin da bai nutse ba. A ba bakin yanka da ramukan ƙusa kaso mai yawa, domin ta nan katako ya fi shan ruwa. Lita ɗaya takan rufe kusan murabba'in mita 10 na katako mai santsi a shafi guda, don haka a auna kafin a je kasuwa. Tsumman da ya jiƙe da man kattan kuwa, idan aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a tsoma shi a ruwa, nesa da bukkar ciyawa.

A ƙarshe, duk watan Mayu, kafin ruwan farko, maigida ya zaga da ƙusa a hannu yana tsokanar gindin ginshiƙai, ya karya duk hanyar laka da gara ta gina, ya sabunta shafi inda ya kode. Malamai ma mu sa ɗalibai manya su yi wa bencinan makaranta haka kafin hutu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya sa albarka a cikin ɗan abin da ya rage a hannunmu, amin.