Tsakanin Ƙuru da Ingarma: Zaɓen Babur a Ƙasar Anka

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, "Kawu, dubi wannan. In Allah ya kai mu kaka aka sayar da waken suya, shi zan saya." Na duba, sai ga wani jan babur mai siririn gaba kamar bakin shaho, matuƙinsa ya kwanta a kan tanki yana shan kwana, gwiwarsa na neman taɓa kwalta. Na tambaye shi inda zai riƙa hawansa. Ya ce tsakanin Anka da ƙauyensu mana. Na yi dariya, ya ɗan ji haushi, to amma ba shi kaɗai ne ke wannan mafarki ba, shi ya sa na ga ya kamata a baje zancen a faifai.

Abin da ya nuna mini yana cikin dangin ƙananan baburan tsere, waɗanda ƙarfin injinsu ke kamawa daga sisi 125 zuwa 400. Kamfanonin Japan da Indiya ne suka fi shahara a kansu. Bajaj ya fito da Pulsar a 2001, Yamaha ya ƙaddamar da R15 a Indiya a 2008, ƙananan KTM Duke kuwa, duk da sunan na ƙasar Ostiriya ne, a masana'antar Bajaj da ke Chakan kusa da birnin Pune ake ƙera su. Akwai kuma Kawasaki Ninja. Babura ne masu kyau, ba na musu. Yawancinsu ruwa ke sanyaya injinsu kamar mota, na'ura ce ke auna man da ke shiga injin a maimakon kafireta, kuma an yi su ne domin shimfiɗaɗɗen titi: kai ya yi ƙasa, wurin ɗora ƙafa ya koma baya, ciki ya kusanci ƙasa, jiki duk roba mai tsada.

To, ina shimfiɗaɗɗen titin? Kwaltar da ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka ta wuce Daki Takwas zuwa Gummi ita ce babbar hanyarmu, ita ma mun san ramukanta. Da zarar mutum ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyukan Bagega ko na cikin Bukkuyum, sai gargada da rairayi da rani, taɓo da kwazazzabai da damina. Idan gulbin Zamfara ya kawo, akwai mashigan da sai an ɗaga babur an sa a kwalekwale. A nan ne nauyi ke tona asirin kowane mashin. Boxer da ire-irensa kilo ɗari da 'yan kai ne, samari biyu sun ishe shi. R15 ya kusa kilo 140, Ninja 400 ya haura 160, kuma babu wurin kamawa a jikinsa da ba za ka ji tsoron fasa roba ba. Mutanen da sun san wannan tun zamanin doki. Ingarma na hawan salla ne da ƙofar fada, amma mai doguwar tafiya a daji ƙuru yake nema, ɗan gajeren dokin nan mai juriya da ƙarancin ci.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai shirin sayen babur ya sani. A 1974 injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya don su gano abin da ya sa baburansu ke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutane na ɗora wa mashin iyali da kaya, suna bin ƙura da shi, ba sa canza baƙin mai sai ya zama kunu, ba sa zuwa wurin bakanike sai injin ya tsaya cik. Ba su tsaya yi wa jama'a wa'azi ba, sai suka koma gida suka ƙera injin da zai jure wannan wulaƙanci. Shi ne CG125 da ya fito a 1975. Kamfanonin China da yawa sun kwaikwayi injinsa, kuma jikokinsa ne cike da kasuwanninmu da sunaye iri-iri. Haka Jincheng mai hayaƙi, wanda ya ɗauko zubin Suzuki AX100, ya yi zamaninsa a hannun 'yan kabu-kabu kafin Boxer mai tsimin mai ya ture shi. Duk waɗannan ba kyau ne ya ba su kasuwa ba. Sun karɓu ne saboda yaron bakanike ɗan shekara goma sha biyar zai iya kwance su a gindin bishiyar dalbejiya ya mayar kafin la'asar.

Don haka shawarata ga ɗan ƙanwata, da duk mai irin burinsa, ita ce kafin ya je wurin dila ya fara zuwa wurin bakaniken garinsu. Ya tambaye shi: ka taɓa buɗe irin wannan? Idan fulogi ko sarƙa ko kuloci ya lalace, a Anka za a samu, ko sai Gusau, ko sai an aika Kano? Babur mai na'urar auna mai ba ya shiri da gurɓataccen fetur, mu kuwa a ƙauye galan ɗin 'yan bumburutu ne gidan manmu. Ƙafa mai sifoka idan ta lanƙwashe a rami ana miƙar da ita, ta zubi kuwa tsagewa take yi, sai sabuwa. Sannan tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ɗaya ta zama abin lissafi a kowane gida. Idan zuciya ta nace sai mai ɗan zafi da kyan gani, matsakaici mai sisi 125 ko 150, mai miƙaƙƙen zama da tsayin ciki da sanyin iska, ya isa ya kashe ƙishirwa. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba kuwa, roba-roba ma ta wadatar, duk da samari na ganin ta mata ce da malaman makaranta. (Uwar roba-robar nan, Honda Super Cub ta 1958, an ƙera sama da miliyan 100 nata zuwa 2017. Babu wani abin hawa mai inji da ya kamo ƙafarta.)

Sai dai a wannan yanki akwai wani ma'auni da ba a rubuta shi a takardar kowane kamfani ba. Babur a nan ya daɗe da zama abin tuhuma. A kansa maharan da suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon watan Janairun 2022 suka zo. Har akwai samfurin Honda da jama'a suka laƙaba wa suna "Boko Haram", don kawai 'yan bindiga sun fi son sa saboda ƙarfinsa a daji. A 2019 sojoji sun hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai har da Zamfara. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita hawansa da dare, ta hana sayar da mai a jarka, a lokacin da aka katse layukan waya a jihar. A watan Oktoban 2022 an rufe ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi na wani lokaci, kuma a 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a dokar hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Saurayi a kan baƙon mashin mai ƙara, ba lamba ba takarda, ya jawo wa kansa ido biyu: na jami'in da ke shingen bincike, da na ɓarawon da ke laɓe a bakin daji. Rasit da lamba da katin shaida sun zama kamar birki, ba a fita ba su. Babur na hannu kuwa, idan mai sayarwa ya fara kame-kame a kan takardu, a bar masa kayansa komai arharsa.

Game da tuƙi, abin da na fi gani yana kayar da sababbin hannu shi ne birkin gaba. A kan kwalta shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, wanda bai iya shi ba bai iya babur ba. A cikin rairayi ko tsakuwa kuwa, ka damƙe shi da ƙarfi, tayar gaba ta zame, sai ka ji ka a ƙasa. A can ana rage giya ne tun kafin a shiga, a riƙe totur daidai, a sassauta hannu, a bar kan babur ya ɗan yi rawarsa, ido na kallon nesa. Lissafin gudu ma ba ya tafiya yadda muke zato: wanda ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ta ninka sau huɗu. Akuyar da ka kauce wa kana kan 40, kana kan 80 sai dai a yi maganar wanda zai biya.

Tseren da muke da shi a zahiri, ai na ranar kai amarya ne, inda samari ke cire salansa, suna sakin hannu, suna ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar yara da 'yan kallo. Na sha ganin biki ya watse an koma asibiti. Mahayan da ke burge su a waya suna sanye da hular kwano da rigar fata mai kariya a gwiwa da kafaɗa, a filin da aka killace, da motar asibiti a gefe. Mu kuwa tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano, amma har yau ana ganin ta kamar kayan bature, ana cewa zafi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. A yankin da mai mummunan rauni a kai sai an ɗauke shi zuwa Gusau ko Sakkwato, a kan hanyar da ba kowane lokaci ake bin ta ba, wannan adadi ya fi ƙarfin wasa.

Ɗan ƙanwata dai bai sauya hoton da ke fuskar wayarsa ba, amma ya yarda mu je wurin bakanike tare ranar kasuwa. Na ce masa kuɗin hular kwano a wuyana yake, da sharaɗin ya riƙa ɗaure igiyarta a haɓa. Ina roƙon iyayen da za su saya wa 'ya'yansu mashin bana su sa kuɗin hula da na lamba a cikin lissafi tun kafin a fara ciniki.