Sola a Fadamar Rima: Wa Ya Ci Ribar?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin noman rani ya rikice a Wurno, Rabah da Goronyo. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce dubu. Albasa da tafarnuwa kuwa ba su san uzuri ba. Ranar ban ruwa in ta zo, ko ka ba su ko su kwanta. Wannan ne ya kawo farantan sola fadama. Ba wa'azin sauyin yanayi ne ya ja manomi ba, aljihunsa ne ya yi masa magana.

Ƙasar ma ta taimaka. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, sai dai ba kowace gona hanyoyin ruwanta ke kaiwa ba. Manoma da yawa injin ban ruwa suka dogara da shi, daga gulbi ko daga 'yar rijiyar burtsatse. Ruwan fadama bai da nisa, ƙaramin famfo ya isa, kuma lokacin da shuka ta fi ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Hunturu ne kawai ke kawo cikas: ƙura ta lulluɓe gilashin farantan, ruwa ya koma ɗis-ɗis a bakin tiyo, sai an sa yaro da tsumma ya goge.

To amma wa ya samu? Fetur ana sayensa galan-galan wajen 'yan bumburutu, har bashi a ci. Sola kuwa kuɗinta a dunƙule take so. Mai hali ya saya ya huta, har ya ba maƙwabci haya. Mai 'yan fangali kaɗan yana nan da tsohon injinsa, alhali farashi ɗaya ke jiransu a kasuwa. A ganina nan ne babban tasirin yake, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi gabashin Sakkwato: kaya mai tsada ba ya kwana a gona, sai a ɗora a amalanke ko babur safe da yamma, garin haka gilashi ya tsage.

Akwai batun ruwan kansa. Mai fetur yana kashe inji da zarar fangali ya cika. Mai sola babu abin da ke tsikarinsa. Wanda ya tuna yadda ruwan Goronyo ya ja baya ƙwarai a 2018, har aka shiga fargabar ruwan sha a birnin Sakkwato, ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Masu kiran abin masana'anta su ɗan dakata. Farantan da famfunan akasari daga Sin suke. Namu shi ne mai walda da ke ƙera teburin ɗora su, da bakaniken da ya koyi gyaran famfo da lalube. Ba ƙaramin abu ba ne, amma kaso mafi tsoka na kuɗin waje yake tafiya. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana ƙera na'urar busar da amfanin gona da zafin rana, kuma ita ce irin kayan da maƙeran garuruwan nan za su iya yi da hannunsu. Buƙatar na'urar za ta ƙaru ne: ruwa mai araha na nufin ƙarin albasa da tumatir a lokaci guda, farashi ya faɗi da kaka, wanda bai da wurin ajiya ya sayar wa dillali yadda dillalin ya ga dama.