Tankin da Ba a Toshe wa Baki

A harabar manyan asibitoci akan ga wani dogon farin tanki a cikin shinge, bututunsa sun yi fari fat da ƙanƙara ko a tsakiyar bazara. Abin da ke ciki oksijin ne da aka sanyaya har ya zama ruwa, a digiri 183 ƙasa da sifili. Naitirojin da likitocin dabbobi ke adana maniyyin bijimai a ciki ya fi shi sanyi, don yana kai 196. Ana mayar da su ruwa ne domin a rage musu cin wuri: lita ɗaya ta ruwan oksijin tana komawa kusan lita 860 ta iska, ta naitirojin kuma kusan 700.

Ƙirar tankin irin ta fulas ɗin shayi ce, dabarar da James Dewar ya fito da ita a Ingila a 1892: bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Duk da haka zafi yana kutsawa kaɗan-kaɗan, ruwan yana ta komawa iska dare da rana. Shi ya sa aka sa bawul mai buɗe kansa idan matsi ya yi yawa. Hucin da yake yi lokaci-lokaci aikinsa ke nan, kuma wanda ya ɗauka yoyo ne ya toshe shi ya haɗa bam. Haka ta faru a Jami'ar Texas A&M ta Amurka a 2006, inda wani tankin naitirojin da aka toshe wa mafita ya fashe, ya huda rufin kankare.

Mai kula da tanki ya riƙa duba ma'aunin matsi kullum. Idan raɓa ko ƙanƙara ta fito a jikin tankin kansa, ko bawul ya ƙi yin shiru, mai yiwuwa iska ta shiga tsakanin bangon biyu, sai a kira ƙwararre. Giris ko maiko kada su kusanci bututun oksijin, domin suna iya kamawa da wuta. Saboda haka ne ma ake sauke ruwan oksijin a kan kankare maimakon kwalta.

Wajen ɗaukar ƙaramin tanki kuwa, ya tsaya a tsaye, a ɗaure shi tamau a bayan buɗaɗɗiyar mota. Kada a sa shi inda fasinja ke zama, kada mutum ya shiga lif tare da shi. Naitirojin ba shi da wari ko launi. Yana korar iskar numfashi ne kawai, mutum ya yanke jiki ya faɗi. A Janairun 2021 yoyon naitirojin ya kashe ma'aikata shida a wata masana'antar kaji da ke Gainesville a jihar Jojiya ta Amurka. Don haka duk ɗakin da aka ajiye shi yana buƙatar mashigar iska da na'urar auna oksijin, kuma ko an ga wani ya faɗi a ciki, ba a shiga ɗauko shi sai da kayan numfashi.